Malam Umara da Ma'aunin da Ya Nuna Casa'in da Bakwai

A Zakirai aka haifi Malam Umara, inda kakansa ya sauka daga Barno ya samu gona. Bai yi nisa a boko ba. Gyaran rediyo ya koya, da rediyo ta ja baya ya koma janareta, daga nan wani ya kai shi wata ƙaramar masana'anta a bayan Ungogo, inda ake tace iskar oksijin a ɗura a tukwane a kai asibitoci. Yana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Ya kwaso matarsa Barira da 'ya'ya huɗu suka kama haya a Bacirawa.

Aikinsa kula da ma'aunin iska ne, wani ɗan akwati da ke maƙale a bango kusa da injin tacewar. Shi ke nuna kashi nawa cikin ɗari na abin da ake ɗurawa oksijin ne. In ya gaza casa'in, ba a kai wa marar lafiya. Duk Litinin Umara yakan saita shi: ya zare tiyo, ya bari ya shaƙi iskar ɗaki, ya murɗa maɓalli har ya tsaya a ashirin da ɗigo tara, domin yawan oksijin da ke cikin iskar da kowa ke shaƙa ke nan. Shekara shida yana wannan ba wanda ya san da zamansa.

A daminar shekara ta bakwai ma'aunin ya fara nuna casa'in da bakwai. Manajan wurin, Injiniya Abdulrashid, ya ji daɗi har ya ɗauki hoton lambar a waya.

"Ranka ya daɗe," in ji Umara, "injin nan tun yana sabo bai taɓa wuce casa'in da biyar ba. Ba yanzu da ya tsufa zai ƙara ƙarfi ba."

"Malam Umara, in lamba ta sauka ka yi magana, in ta hau ma ka yi magana?"

"A ba ni kwana biyu."

Aka ba shi, ba da son rai ba. Ya fara da tiyo, ya shafa masa ruwan sabulu ko zai ga kumfa. Babu yoyo. Ya buɗe matatar ma'aunin ya tarar da ɗan danshi, ya busar, lamba ba ta motsa ba. Ya cire ƙwayar da ke jin iskar ya sa sabuwa daga sito, ya sake saiti. Casa'in da bakwai. Ya koma gida bai ci tuwon kirki ba, Barira ta tambaye shi ko wani ne ya ɓata masa rai, ya ce a'a, akwati ne.

Washegari da hantsi yana zaune a benci sai ya kula da hucin da ke fita daga bayan injin, wato iskar da aka riga aka cire wa oksijin, wadda ake zubarwa. Da can fili take bi. Amma kafin saukar ruwa an yi rumfar kwano an toshe gefen nan saboda feshi. Iskar tana nan tana kewaya ɗakin, kuma a cikinta yake saita ma'aunin.

Ya kwance akwatin daga bango, ya rungume shi, ya tsallaka titi ya shiga gonar dawa da ke daura da su. Mai gonar ya tsaya da fartanya yana kallonsa. Umara ya yi sallama, ya tsuguna tsakanin kunyoyi, ya kunna. Maimakon ashirin da ɗigo tara, sai ga ashirin da uku. Ashe ƙari ma'aunin yake yi. Ya saita shi nan cikin dawa, ya dawo ya maƙala tiyo.

Tamanin da takwas.

Injiniya Abdulrashid ya daɗe tsaye gaban lambar. "Tun yaushe?"

"Tun da aka yi rumfa, ina jin. Mako shida. Ni na yi ta saita shi a ciki, ban lura ba."

Manajan ya kashe injin da kansa. Aka bi asibitoci uku aka karɓo tukwanen da ba a buɗe ba. Da masu gyara suka zo daga cikin gari suka tarar danshin damina ya lalata garin tacewar da ke cikin injin. Kwana tara ba a ɗura ko tukunya ɗaya ba. Waɗanda aka riga aka shaƙe kuwa, Umara ya tambayi direban da ke kai kaya ko an ji wani abu ya sami marasa lafiya, direban ya ce shi dai bai ji ba. Bai sake tambaya ba, amma Barira ta ce ya yi kusan wata ba ya hira.

Ba a yaba masa ba, ba a kuma hukunta shi ba. An ja bututun hucin zuwa saman rufi, an sayo tukunyar iskar gwaji ta musamman. Yanzu yana da shekara hamsin da biyu, idonsa ya fara rauni, sai da tabarau yake karanta lambar. Babbar 'yarsa Maimunat tana karatun jinya, ran nan ta kawo masa ma'aunin sashensu a jaka ya duba mata.