Atishawar Motoci da Cokalin Kunu

Tun da ɓarin jikin maigidana ya shanye, ba shi kunu ya zama aikin da ya fi kowane aiki cin lokacina. Maƙogwaronsa ya daina yi masa biyayya. Sai na jingina shi da matasai, na ɗebi rabin cokali, na sa masa ta gefen bakin da ke da rai, sannan na zuba wa wuyansa ido har na ga ya haɗiye. In wani abu ya firgita shi a tsakiyar haɗiyar, kunun ya bi hanyar numfashi, ya yi ta tari har idanunsa su yi ja.

Ɗakinsa shi ne na bakin layi a gidanmu na unguwar New Bell. Da hannunsa ya gina shi lokacin yana ɗinki a kasuwa, kuma tagar tana kallon garejin ɗan ƙanena, wanda maigidan ya ba shi filin ya kafa rumfa. Hayaniyar gareji ba ta taɓa damunmu ba. Guduma, janareta, 'yan bensikin da ke wucewa da baburansu na haya, ruwan sama a kan kwano, duk jiki ya saba. Abin da ya zo daga baya daban ne. Samarin da iyayensu ke da shaguna a unguwar Akwa suka fara kawo wasu gajerun motoci masu jan ciki a ƙasa. Motar za ta taso da ruri, sai direba ya ɗaga ƙafa, sai ka ji fisss kamar an tsaga buhun iska a kunnenka. Yaran unguwa suka sa wa abin suna atishawa. Duk lokacin da ta tashi, jikin maigida sai ya zabura.

Wata safiya na yafa mayafi na fita wurin ɗan ƙanena.

"Kai, fito daga ƙarƙashin motar nan. Wane aljani kuke ɗaura wa motocin mutane?"

Ya fito yana goge hannu yana dariya. "Gwaggo, ina kwana. Aljani kuma? Bawul ne."

Ya ɗauko abubuwa biyu daga kan teburinsa. Ɗaya baƙi, na roba, kamar murfin buta. Ɗayan na ƙarfe mai sheƙi da ƙaho a gefe. Ya ce motocin nan suna da turbo, wani abu da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. In direba ya ɗaga ƙafa, iskar da aka ɗuro ba ta da wurin zuwa, dole a buɗe mata ƙofa. Baƙin, wanda motar ta zo da shi, yana mayar da ita cikin bututu ta sake zagayowa, ba wanda zai ji. Mai sheƙin kuwa waje yake feso ta.

"To mai sheƙin yana ƙara gudu ne?"

"Ko kaɗan. Wata motar ma ɓata mata rai yake yi. Ta riga ta auna iskar ta zuba mata mai, sai a zubar da iskar, man ya yi yawa. Ki ga baƙin hayaƙi, wata ta mutu a tsakiyar cunkoson Ndokoti."

"Me suke saye ke nan?"

"Ƙarar, Gwaggo. C'est le son. Ita suke so."

Na dubi wani tsohon daro a gefen rumfar, cike da baƙaƙen da aka cire, lafiyarsu ƙalau, ruwan sama ya taru a kansu. Na ce masa a iya rayuwata ban taɓa ganin inda ake cire mai hankali a sa mahaukaci ba sai a rumfarsa. Ya ce in je ofisoshi in gani.

Da na gaya masa abin da ƙarar ke yi wa Baffansa, dariyar ta ɗauke. Daga ranar, duk sanda zai gwada mota sai ya leƙo ta taga.

"Gwaggo, a ajiye cokali!"

Sai in ajiye, in dafa ƙirjin maigida, in ce masa ga ta nan zuwa. Motar ta je gadar kwalbati ta dawo, ta yi atishawarta, ya sake leƙowa ya ce an gama. Haka muka yi ta yi, kunu yana hucewa ina ɗumamawa.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai jinya ya jira abin wasan yara ba. A da, in akwai marar lafiya a layin nan, benci ake gittawa a bakin hanya, ko mai turin amalanke sai ya sassauta. Na tare ɗaya daga cikin samarin, wanda na san kakarsa tun tana sayar da fura. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Hajiya, ya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya."

"Amin. Lafiyar tana hannun Allah, amma barcinsa da haɗiyarsa suna ƙarƙashin ƙafarka. Ka mayar da baƙin."

"Insha Allah, Hajiya. Za a duba."

Ya aiko da lemo da ayaba cike da leda. Da ya tashi tafiya, motar ta yi fisss a daidai tagar.

Sai na koma kan wanda nake da iko da shi. Na ce wa ɗan ƙanena filin da yake kai na mutumin da ke kwance ne, in ya sake ɗaura mai sheƙi ko guda, ya kwashe rumfarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, in ban sa ba, wani zai sa."

"Wanin ba ni na goya shi ba."

Ya bi maganata. Ya daina.

Akwai wani gareji a ɗaya ƙarshen layin, na wani mutum da ba mu haɗa komai da shi ba, ko Hausar kirki ba ya ji. Samarin suka koma can gaba ɗaya, har da gyaran birki da canjin mai. Layinmu kuwa shi kaɗai ne kwaltarsa ba ta farfashe ba a unguwar, don haka nan suka ci gaba da gwada motocin. Bambancin kawai, yanzu ba mai leƙowa ta taga.

Na je wurin mutumin. Ya saurare ni, ya ce titi na gwamnati ne, Mama. Na je wurin limami, ya yi magana bayan sallar la'asar, aka yi shiru kwana kaɗan aka dawo. Na mayar da maigida ɗakin ciki, amma can damina ta jiƙa bango, sanyin ya kama masa ƙirji, dole na dawo da shi.

Na koyi sauraro. In na ji ruri ya taso daga nesa sai in janye cokali. Amma kunnen tsohuwa ne, kuma in ruwa yana dukan kwano ba a jin komai sai abin ya iso. Ranar da ta faru ana ruwa. Na sa masa kunun, yana cikin haɗiya, mota ta feso iskarta a bakin taga. Ya ƙware ƙwarewar da ban taɓa gani ba, leɓensa ya yi baƙi. Ɗan ƙanena ne ya sungume shi zuwa tasi. A asibiti suka ce kunun ya sauka a huhu, ya zama ciwo. Ya tashi, amma ya rame ƙwarai.

'Yarmu da ke aure a Bonabéri, can ƙetaren kogi, ta zo ta tsaya a kaina.

"Inna, ba zai sake kwana a ɗakin nan ba. Gidana lungu ne, mota ba ta shiga."

"Ubanki ya ce daga ɗakin nan za a ɗauke shi zuwa makwancinsa."

"To so kike a ɗauke shi gobe?"

Na fara naɗe kayansa.

Da aka zo fitar da shi, ya kama ƙyauren da hannunsa mai lafiya. Ba ya iya magana, amma ya riƙe, maza biyu suka kasa. Ni na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai dube ni ba har muka haye gadar kogin Wouri.

Bonabéri shiru ne kamar yadda ta faɗa. Ɗakin yana da fanka da labule mai kyau, ba abin da ke firgita kowa. Na dama kunu, na jingina shi da matasai, na kai cokali bakinsa. Ya datse haƙora ya juya fuska bango. Washegari ma haka. 'Yar ta gwada, jikoki suka gwada, ya karɓi ruwa kaɗan a hannunsu. A hannuna bai sake karɓar komai ba.