Jatau da Ganyen Fulawa

Ranar wata Juma'a ce a bazarar 1973, rana ba ta gama fitowa ba, na shiga turke da ƙwaryar dusa na tarar da Jatau a durƙushe. Jatau shi ne babba a cikin shanun huɗarmu biyu, ja ne mai tozo, kuma tun da na yi wayo ban taɓa riga shi tashi ba. Ran nan kuwa ya kwantar da haɓa a ƙasa, yawu yana dalala daga bakinsa, jikinsa yana rawa kamar mai zazzaɓi, bayansa duk ya ɓaci da zawo. Abokin huɗarsa, Fari, yana tsaye can ƙarshen igiyarsa yana huci, ya ƙi matsowa. Na ajiye ƙwaryar na taɓa kunnen Jatau, na ji shi sanyi ƙalau. A cikin kwamin da muke zuba musu abinci akwai ragowar wani siririn ganye, wanda ni na ɗauko shi a ka daga makaranta jiya da la'asar, ina ta murna.

Ƙauyenmu yana tsakanin Balan da Gaya, kuma a lokacin ina aji biyar na firamare. Daminar da ta wuce ba ta yi mana kyau ba. Harawa ta ƙare tun kafin zafi ya shigo, karan dawa ya bi bayanta, har zanan da ya tsufa sai da aka warware aka ba dabbobi. Aikin kowane yaro idan ya taso daga makaranta shi ne ya shiga daji da sanda mai ƙugiya ya kakkaɓo 'ya'yan gawo, ko ya hau marke ya saro reshe. Langa da ƙwallon tsumma duk mun ajiye su, don wanda ya dawo gida hannu wofi ya san abin da zai tarar. A gidanmu ba a zubar da komai mai launin kore. Ko ɓawon kabewa Inna ta fere, turke yake zuwa.

A duk faɗin ƙasar nan da ta bushe, wuri ɗaya ne ya rage shar, shi ne gaban makarantarmu. Malam Yakubu, malamin ajinmu, mutum ne mai son fulawa kamar ransa. Ya jera duwatsu ya shafa musu farar ƙasa, ya raba wurin kashi-kashi, kowane yara da nasu. Akwai wata mai ƙaya da ke hawa bango, furenta ja kamar takarda, akwai wata 'yar ƙarama da ba ta buɗewa sai hantsi ya yi, sannan ga doguwar da ya yi shinge da ita, mai siririn ganye da fure ruwan ɗorawa kamar bakin kakaki. Sunayensu na Turanci ya sha gaya mana, ba wanda ya riƙe, duk fulawar Malam muke ce musu. Shi ya koya mana cewa ba a ba shuka ruwa da tsakar rana, ba a sa mata ɗanyen kashin akuya sai wanda ya kwana biyu ya huce, kuma a rufe gindinta da ƙaiƙayi don kada laima ta gudu. Da rijiyoyi suka ja baya mutanen gari suka fara gunaguni a kan shayar da abin da ba a ci, sai ya daina taɓa rijiya. Ya ce kowane yaro ya zo da gwangwanin ruwan wanke-wanke daga gida, shi kuma ya kafa tukunya a inda malamai ke alwala. Ni ne mai kula da shingen nan mai fure ruwan ɗorawa, kuma ina alfahari da shi ƙwarai.

Ranar Alhamis ɗin Malam ya dubi gabas ya ce hadari ya fara alama, lokacin aski ya yi. Haka yake kiran datse rassa, wai idan aka rage wa shuka kai kafin ruwan farko, takan tofo da ƙarfi. Muka yi ta yanka da wuƙa da almakashinsa ɗaya tilo, wani farin ruwa yana fita daga rassan irin na tumfafiya. Ya ce kada wanda ya kai hannu baki ko ido, kuma kowa ya wanke hannu da toka. Na ɗauki maganar a cikin irin tsabtar nan tasa ta duba farce da haƙori kowace safiya. Aka tara rassan a bayan aji don su bushe a ƙone. Da aka tashi na tsaya ina kallon tulin ganyen nan kore shar, na tuna haƙarƙarin shanunmu da har ana iya ƙirgawa daga nesa. Na ɗaure dami iya ƙarfina na yi gida.

Baba ya murza ganyen ya shinshina, ya ga farin ruwan, ya ce ai awaki ma suna cin tumfafiya idan ta yi yaushi. Har ya dafa kaina ya ce, "Ashe bokon nan zai yi rana." Muka zuba a kwami, shanun suka shinshina suka kau da kai. Da a nan muka tsaya, da shi ke nan. Amma mu a wurinmu dabba ba ta ƙin abinci a bar ta, akwai dabarar da kowane gida ya sani a shekarar yunwa: a sassara abin ƙanana, a yayyafa ruwan kanwa, a barbaɗa dusa a cuɗa. Da wannan dabara har busasshen zana sun ci. Ni na sassara, Baba ya cuɗa. Fari mai taurin kai ne, ya lashe dusar sama ya bar sauran. Jatau kuwa ba ya musu da mutum. Duk abin da hannun Baba ya miƙa masa karɓa yake.

Da na ƙwala kira a safiyar Juma'ar, Baba ya fito ko hula babu. Ya duba idon san, ya dubi kwamin, sai ya aike ni rugar Bappa Ori, wani dattijon Bafulatani da ke bayan gonarmu. Mu asalinmu Barebari ne, don haka shi da Baba ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Ya shigo yana cewa, "Bawana, wa ya aike ka kiwon sa? Ku da kuka saba da jaki!" Amma da ya durƙusa ya kara kunne a ƙirjin Jatau, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce zuciyar tana gudu tana tsayawa, shi bai taɓa jin irinta ba. Aka daka gawayi aka dama da madara, aka kawo man gyaɗa a kwalba, muka ɗaga kan san ana ɗura masa. Rabi yana shiga, rabi yana bin hannun Baba har gwiwar hannu.

Hantsi bai gama yi ba sai ga Ɗan'azumi mahauci ya yi sallama. Ba wanda ya kira shi, labari ne ya kai masa. Ya zauna a kan turmi a bakin turke, ya zaro wuƙa yana goga ta a dutse a hankali, yana yi wa Baba jaje. Kowa a wurin ya san abin da zamansa yake nufi. Dabbar da ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, ba ci ba sayarwa, sai a ja ta bayan gari. Idan kuwa aka sa mata wuƙa da sauran numfashi, naman ya halatta, kuma abin da aka samu zai iya zama mafarin sayen wani ɗan maraƙi. Ga shi ranar Juma'a, mutanen ƙauyuka za su taru, kafin a watse daga masallaci nama ya ƙare. Sa ɗaya ba ya jan garma, ga damina a bakin ƙofa, ga rumbunmu saura kaɗan a ga ƙasansa. Ɗan'azumi ya ce wa Baba, "Malam Bukar, ni ba gaggawa nake ba, shi ne yake gaggawa."

Baba har ya sa an juya kan Jatau gabas, sai ga Malam Yakubu a kan kekensa, yana haki. Ya ga ban zo makaranta ba, ya ga tulin rassan ya ragu, yara suka gaya masa sauran. Ya ɗauki ganyen daga kwami ya duba. Ya ce wannan itace dafi ne tun daga saiwa har fure, shi ya sa ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su ci, bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai kai wa dabba har gida ba. Baba ya tambaye shi naman fa. Malam ya ce gaskiya bai sani ba, yana iya yiwuwa ba komai, yana iya yiwuwa ya taɓa mutum, musamman yara da tsofaffi. Ɗan'azumi ya yi tsaki ya ce shi ya yanka wadda maciji ya sara, ya yanka wadda ta ci guba a daji, wuta tana kashe komai, a zubar da kayan ciki kawai. Malam ya hau keke ya ce zai je Gaya ya nemo malamin dabbobi, a yi masa haƙuri ya dawo.

Wannan jiran shi ne abin da ban taɓa mantawa ba. Rana ta take, muka kafa wa Jatau zana don inuwa, Inna tana jiƙa tsumma ina shafa masa a wuya da ruwan da ya kamata mu sha. Wani lokaci ya ɗaga kai kamar zai tashi, sai Bappa Ori ya ce Alhamdu lillahi, can kuma sai ya zube yana shure-shure, Ɗan'azumi ya miƙe tsaye da wuƙa. Maƙwabta sun cika zaure, kowa da shawararsa, yawancinsu yanka suke cewa. Na yi ta leƙa hanyar Gaya ko zan hango keke, ba kowa sai zafi yana rawa a kan yashi. Aka yi kiran salla, mutane suka fara zamewa. Ɗan'azumi ya matso kusa da Baba ya rage murya, amma na ji shi. Ya ce idan a nan ne ake tsoro, zai kai naman wata kasuwa inda ba wanda ya san san, ba wanda ya san mai shi.

Baba ya juyo ya dube shi. Sannan ya tambaye shi ko zai ɗiba ya kai wa 'ya'yansa su ci a daren nan. Ɗan'azumi ya yi dariya ya ce 'ya'yan mahauci ai sun gaji da nama. Baba ya ce, "To mayar da wuƙarka kube. Can ma 'ya'yan wani ne za su ci." Ya ɗauki buta ya yi alwala ya tafi masallaci, ya bar ni riƙe da igiya.

Kafin la'asar Jatau ya cika, kansa a kan cinyata. Malam ya dawo bayan nan shi kaɗai, rigarsa sharkaf da gumi, ya ce malamin dabbobi ya fita rugage yin allura. Jakuna biyu suka ja gawar zuwa bayan gari, Baba ya sa aka haƙa rami mai zurfi don kada karnuka su tone su ma su mutu. Bai doke ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, ya ce hannunsa ne ya cuɗa. Da ya doke ni, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Aka sayar da Fari aka sayi hatsi, muka koma huɗa da hannu, ni da Baba, daga asuba har rana ta yi tsaka. A daminar nan bayansa ya fara ciwon da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Makaranta kuwa daga ranar ban sake komawa ba, gona ta riƙe ni. Malam Yakubu ya sa an tumɓuke shingen nan kaf an ƙone, ya kuma yi ta zuwa gidanmu yana roƙon a mayar da ni aji. Ni kuwa da na ji ƙarar kekensa sai in zagaya bayan rumbu, don a wauta irin tawa, shi na ɗora wa laifi. Har aka yi masa canjin wurin aiki ban fito na gaishe shi ba, kuma ban sake jin inda yake ba.

Yanzu idan na shiga birni ina ganin masu sayar da fulawa a bakin titi, sun jera su cikin baƙar leda, har da irin waccan, ana saye ana dasawa a ƙofar gida inda tumaki ke wucewa. Nakan tsaya in gaya wa mai gidan, wani ya gode, wani ya dube ni kamar tsohon da ya rasa abokin hira. A ƙauye kuma dabba tana fara layi za a kira mai adaidaita, kafin maƙwabci ya ji labari an kai ta kasuwa, ba mai tambayar me ta ci. Ba na cewa mutanen da sun fi na yanzu, su ma a ran nan yawancinsu yanka suka ce. Mutum ɗaya ne ya ce a'a, alhali shi ne rumbunsa ya kusa ƙarewa. Yanzu na wuce shekarun da Baba yake da su a ran nan nesa ba kusa ba, amma har yau ban san ko da ni ne zan iya sallamar mahaucin nan ba.