Ranar da Baba Ya Ƙi Ɗaukar Jikansa

Ko tsufa ya cinye min hankali, ba na jin zan manta ranar da na haifi ɗana na fari, Baba ya ƙi taɓa shi.

Baba dillalin bandar kifi ne a Yelwa, yana saro kaya daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Shekarun baya an yi masa aikin zuciya, aka ciro jijiya daga ƙafarsa aka yi wa jini sabuwar hanya. Da ita ma ta tsuke, aka sa mata wani ɗan ƙarfe kamar raga ya buɗe ta. Can kuma nama ya tsiro cikin ragar, har zuwa masallaci ya koma yi masa wuya. Yayana ya kai shi Indiya, likitoci suka zura siririn bututu ta cinyarsa har wurin, suka gasa naman da irin hasken da ake gasa ciwon daji da shi, suka zare abinsu. Ya dawo garau, har da 'yar ƙiba.

Ni kuwa lokacin na zo gida goyon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Sai ga wata maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa wuce Kontagora ba amma ta fi kowa sanin Indiya. Ta zo barka da dawowa, ta ce wa Inna hasken nan ba ya barin jiki, kuma yana nakasa jarirai. Ashe Baba yana ji daga ɗaki. Washegari ya kwashe tabarmarsa da butarsa ya koma zaure. In ya hango ni sai ya ja da baya. Yayana ya yi bayani har ya gaji, ya kira likitan a waya, likita ya ce tun ranar aka fitar da abin da ke ba da hasken, babu abin da ya rage a jikinsa. Baba ya ce ya ji, amma ai ba likita ne mai jikan ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi na haihu a asibiti, aka dawo da mu gida. A gidanmu duk ɗan da aka haifa Baba ne ke yi masa huɗuba. Ina kwance na ji yana aikawa a kira liman ya zo ya yi. Wallahi raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya sha yanka da gashi don ya ga wannan rana, ga ta ta zo yana gudun ta.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, uwa ko kallonsa ba ta yi gaban manya. Ni dai ranar na ajiye ta. Na tashi da ƙyar, na naɗe jaririn a zane, Goggo na salati tana cewa na zubar mata da mutunci, na ratsa tsakar gida har zaure, inda Baba ke zaune da abokansa.

"Koma ciki, ɗiyata," in ji shi. "Ba ni son in cuce shi."

Na durƙusa na ce, "Baba, in ba kai ka yi mai huɗuba ba, to ya zauna ba suna."

Na ɗora masa shi a cinya, na janye hannuwana. Dole ya tare shi kada ya faɗi. Ya daɗe yana kallon fuskar yaron, sannan ya sunkuya ya yi masa kiran salla a kunnen dama, hawaye na bin gemunsa. Liman ya iso ya tarar an gama, ya ce to a ba shi goronsa.

Yau yaron yana firamare, lafiyarsa ƙalau, shi ke riƙe wa Baba sanda in za su bakin ruwa. Abin da na koya shi ne, likita na iya buɗe jijiyar da ta toshe, amma tsoron da mara lafiya ya dawo da shi gida, sai nasa sun matso kusa sun taɓa shi yake fita.