Jirgin Ruwan Da Ya Bar Mu A Guangzhou

Ranar wata Alhamis bayan Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na tashi da sassafe a wani ƙaramin otal na unguwar Xiaobei, na saka shaddata ta Sallah, na zauna bakin gado ina jiran Baba ya gama lazimi. Washegari za mu koma Kano. Tun zuwanmu Guangzhou ta ƙasar China ban ga komai ba sai masana'antun jaka na Shiling, inda nake yini a kan kwali ina shaƙar warin gam, Baba yana ciniki. Amma wani mai masana'anta da muke kira Lawban, wato maigida da yarensu, ya ba mu tikiti biyu na jirgin da ke yawo da mutane a kan kogi bayan magariba. Baba da bakinsa ya ce yinin nan nawa ne. Za mu ga tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, mu je gidan zu mu ga dabbar nan mai baƙi da fari da ke cin gora, sannan mu shiga jirgi.

Ni ɗan Fagge ne. Ba a sa ni boko ba, sai da na girma na koyi riƙe biro. Daga makarantar allo sai shagon Baba, in yi shara, in goge jakunkuna, in sayo wa manya abinci. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu, inda muke tura kwale-kwalen kara mu dawo da laka har gwiwa mu sha duka. Da Baba ya zaɓe ni cikin 'ya'yansa ya ce da ni zai tafi, na ɗauka ƙoƙarina a shago ya gani. Umma kuwa, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba, ta riƙe kunnena a soro ta ce, "Ka buɗe ido da kyau, ka gano mini. Kai ne idona."

Da ya shafa addu'a, sai Baba ya jawo wata jakar bakko daga ƙarƙashin gado. Saƙonnin mutane ne. Kafin mu taso, rabin unguwa sun kawo ƙullin kuka, daddawa, kilishi da yaji a kai wa 'yan'uwansu, shi kuma ciniki bai bar shi ya raba ba. Ya ce mu fara sauke nauyin jama'a a Tianxiu, dogon benen da mutanenmu ke da shaguna da ofisoshi, yanzu za mu fito. Ya ɗora mini jakar a kai.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a miƙa saƙo a bakin ƙofa. Sai an zauna. Sai an tambayi lafiyar kowa da sunansa, wa ya rasu, wa ya yi gini, wa ya karye. Sai an dafa shayi an sha, an sake dafawa. Muka yi azahar a wani ofis, la'asar ta same mu a wani. Ba wanda ya tambayi me yaron nan yake yi da kayan Sallah yana leƙen taga. Sau ɗaya na ja hannun rigar Baba, ya yi mini kallon da ya sa ban sake ba.

Ƙulli na ƙarshe na Alhaji Mamman ne, mutumin Maraɗi mai tura wa 'yan kasuwa kaya. Ya rantse ba za mu fita ba sai mun ci tuwo da miyar kukar da muka kawo. Ana cikin ci ya nuna ni, ya tambaya ko ciniki aka kawo ni in koya. Baba ya yi dariya ya ce, "Wane ciniki? Saboda kilo na taho da shi. Kuɗin kujerarsa a jirgin sama bai kai nawa ba, kayan da ake ba shi kuwa daidai da nawa." Suka kwashe da dariya, Alhaji ya ce shi ma da nasa yaron zai zo. Ina zaune a gabansu, loma a hannuna. Ashe ba ƙoƙarina aka gani ba. Ni buhu ne mai fasfo.

Wani ma'aikacin Alhaji ya ce gara mu hanzarta, masu jirgin ruwan nan ba sa jira. Baba ya ce a ina aka taɓa ganin mota ta tashi ba ta cika ba? Kujerunmu ne, tikiti na aljihunsa, yaran jirgi za su tsare mana. Sai da aka yi magariba, aka yi sallama mai tsawo, sannan muka tari tasi muka faɗa gosulo. Da muka isa an rufe ƙofar shiga. Wata mace mai yunifom tana kaɗa hannu tana cewa "meyo, meyo", wato babu. Jirgin yana tsakiyar kogi, fitilu sun lulluɓe shi, ana jin kiɗa sama-sama. Na riƙe ƙarfen shinge na yi kuka har majina ta ɓata mini shadda. Baba ya yi faɗa kan rashin mutuncin mutanen da ba sa jiran dattijo, sannan ya ce ba rabonmu ba ne.

Ba maganar rabo ba ce. Shayi ne, da tuwo, da hira. Ya cika wa kowa alkawarin daddawarsa, nawa ne kawai bai da nauyi, don na yaro ne. Kuma da muka koma gida, labarin ya zama abin raha a zaurensa: ya kai yaro har China, yaro ya yi kuka saboda kwale-kwale. Umma ta zaunar da ni a tabarma tana murmushi, ta ce to, me na gano mata? Na ce matakala da ƙofofin ofis. Ta tura mini kwanon fura, ba ta sake tambaya ba.

Mutane suna cewa ina da haƙuri, kuma na yafe wa Baba abubuwa da yawa, Allah Ya jiƙansa. Wannan kam har yau bai bar raina ba. Yanzu da ƙafata nake zuwa Guangzhou. Gaisuwa ta koma waya, kuka da daddawa ana sayar da su a Xiaobei, ba mai ɗora wa yaro jaka ya hau bene. Bara na shiga jirgin ni kaɗai, na isa tun kafin a buɗe ƙofa. Na ga gadoji, na ga benaye suna canza launi a cikin ruwa, na buɗe ido da kyau. Sai dai wadda ta aike ni ta daɗe da rasuwa.