Hannun Maulud Bai Yi Rawa Ba

Kafin gari ya gama wayewa Maulud yakan bar ɗakinsa na unguwar Batha, ya bi motar ma'aikata zuwa wani kulob na wasan harbi a bayan garin Riyad. A can akwai ɗaki guda mai izini, inda ake ɗura harsashin ƙananan bindigogi da hannu domin masu shiga gasa. Wurin aikinsa ke nan. Sai ya wanke hannu ya tsane, ya baje kwanson harsasai a tire yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna gaban sikelin awon albarushi. Ba a shigar masa da abinci ko abin sha, ba a kawo masa hira. Ɗan maharban Tasawa ne, ya san abin da ganganci da albarushi ke yi wa yatsun mutum.

Ku da ba ku san shi ba, ga abin da ma'aikatan wurin suka gani da idonsu a bazarar bara.

Akwai Amal, 'yar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, tashin Riyad, Larabcinta ya fi Hausarta ƙwari. Harsashin Maulud take harbawa, kuma ba ta cika kuskure bara ba. Kwatsam harbinta ya fara watsewa, wannan sama, wancan ƙasa. Sai ta je ta sami Maulud.

"Baba, hannuna ne ya lalace, sah, ko ba haka ba?"

"Ajiye hannunki, 'yata. Bari a fara da bindigar."

Aka wanke bindiga, aka duba saiti, ba abin da ya sake. Aka ba wani gwani ya harba, shi ma ya watsa. Aka sa harsashin kamfani, sai ga shi yana tafiya wuri guda. Magana ta dawo kan Maulud.

Daga nan kansa ya ɗaure. Ya sake kwanso, ya buɗe sabon gwangwanin albarushi. Kullum da sassafe yana gwada sikeli, ya same shi daidai. Wani ɗurin ya yi kyau, wani ya ɓaci, ga shi hannu ɗaya ne ya yi su. Har ya koma yana miƙe yatsunsa yana kallo, ko sun fara rawa bai sani ba. Da kansa ya kulle akwatin harsasan, ya ce ba wanda zai harba abin da shi bai yarda da shi ba.

Mudir, shugaban wurin, ya kira shi. "Ya Maulud, shekaru sun ja, ba abin kunya ba ne. Iƙamarka, takardar izinin zamanka, ta kusa ƙarewa. Ko mu bar ta haka?"

Komawa gida bai dame shi ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne a ce an sallame shi saboda hannunsa ya gaza.

Wata rana da azahar yana zaune ya zuba wa sikeli ido, sai Saidou mai shayi, tsaransa ɗan Maraɗi, ya leƙo.

"Tsoho, sikelin zai yi maka magana ne? Karɓi, kafin ka bushe."

Ruɗani ya sa Maulud ya manta da dokarsa, ya karɓi kofi ya dire a kan tebur. Tururin bai tashi sama ba. Kwanciya ya yi, ya nufi sikeli. Maulud ya bi shi da ido, ya ɗaga kai ya dubi esi, na'urar sanyaya ɗakin.

"Saidou, wa ya taɓa bakin mukayyif ɗin nan?"

"Ni ne mana. Tun shigowar zafi na ga kana jiƙewa kamar an tsamo ka a rijiya, na juyo maka shi. Laifi ne?"

Ashe iskar ce ke hura sikeli, awo ya yi ta hawa da sauka. Da sassafe kuwa, lokacin gwaji, ba a kunna ba tukuna. Ya mayar da bakin esi bango, ya ɗura sabo, Amal ta harba, harsasai suka taru wuri guda.

Mudir ya tambayi wa ya juya shi. Maulud ya ce, "Zafin Riyad ne, ya mudir."

Kai ne, Maulud, wanda aikinsa ya ɓaci ya fara tuhumar kansa kafin kowa. Kai ne ba ka jingina wa yarinya laifin ba, ba ka miƙa abokinka ba. Sarkin awo, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma matasan da aiki ke ɓaci a hannunku ku ce kayan ne ba kyau, ku zauna ku bincika yadda dattijon nan ya zauna. An sabunta masa iƙama, ya ƙara shekara, yanzu shi ya je da ƙafarsa ya ce ya isa. Wata mai zuwa zai koma Tasawa, kuma mudir ne ke roƙon ya tsaya.