Na ƙi ba Baffa haƙuri a kan batirin da ya kama wuta

A lokacin ina shekarata ta biyu a wata jami'a a birnin Guangzhou na ƙasar China, ina karatun lantarki. Mutum ne ni da ba ya iya haɗa ido da babba, ko abinci ne sai na faki idon mutane nake ci. Ina zaune a gidan ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, a unguwar Xiaobei, kuma shi ne uban da nake da shi a ƙasar.

Baffa ya sayi wata tsohuwar mota irin wadda ake kwana a ciki, mai gado da firji da wurin girki, don kai fatake masaƙu da ke wajen gari inda samun abincin halal ke da wuya. Wutar cikinta daga wasu batura take fitowa, suna cikin akwati a ƙarƙashin dogon bencin baya, akwatin kuma yana da ƙananan huji na shan iska. Ni aka ɗora wa kula da su. Duk ƙarshen mako zan duba ruwansu, in kankare tsatsar da ta taru a kawunansu, in ɗaure wayoyi, sannan in jona caji. Ina son aikin, don batir ba ya bukatar hira.

Wanda ya san ɗan kasuwar Kano ya san ba ya iya ganin fili babu kaya ya ƙyale. Ranar da muka dawo daga garin Xintang da samfurin wandunan jins, aka cika gado, aka cika banɗaki, Baffa ya ɗaga benci ya danna sauran a kan baturan. Na matsa kusa na faɗa masa a hankali cewa zif da maɓallan wandunan na ƙarfe ne, in suka haɗa kawunan batir wuta za ta tashi, kuma kayan sun toshe hujin da hucin caji ke fita. Ya yi dariya, ya ce wa abokansa ga ɗan boko zai koya masa shirya kaya, shi da ya fara loda mota tun ban san hanyar makaranta ba. Direbanmu ɗan China ya kaɗa kai ya ce laoban, wato maigida, ya fi kowa sani. Aka ce in jona caji, na jona.

Bayan la'asar ina zaune a bakin ƙofar motar da littafi sai na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani dattijo ɗan Maraɗi, baƙon Baffa, yana barci a kan bencin, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashinsa. Na cire wayar caji, na kama ƙafar dattijon na janyo shi ƙasa, na ɗaga bencin na shiga fizgo wandunan da hannu. Ɗaya ya riga ya kama wuta, zif ɗinsa ya narke a tafin hannuna na dama. Sai da na yi makonni ban riƙe biro ba, jarrabawa guda ta wuce ni.

Tun ina asibiti Baffa ya gama yanke hukunci. Ya gaya wa kowa na cika wa batir caji ne saboda hankalina yana kan littafi. Ya kira mahaifina a Kano, mahaifina ya kira ni ya ce in je gidan abincin da 'yan kasuwarmu ke haɗuwa bayan Juma'a, in durƙusa in ba ƙaninsa haƙuri a gaban mutane, magana ta mutu. Na san in na ƙi, zamana a gidan ya ƙare.

Na je, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. Sannan na ce, "Baffa, na zo gaishe ka ne, ban zo ba da haƙuri ba. Na faɗa maka kada a sa kaya a wurin, ka ce in jona. In na ce laifina ne, gobe za a sake cusawa, wani kuma zai kwanta a kai."

Wani ya ce China ta lalata yaron nan. Baffa bai ɗago ba, ya ce in kwashe littattafaina kafin magariba. Dattijon Maraɗi ne kaɗai ya taso, ya riƙe hannuna mai bandeji ya yi mini addu'a, sannan ya raka ni har titi. Na koma ɗakin kwanan ɗalibai. Mahaifina ya yi watanni yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya.

Har yau a dangi ana cewa na yi wa babba fitsara, kuma ban janye ko harafi ba. Nadamata ɗaya ce, cewa ƙin da na yi a gidan abinci ban yi shi a bakin bencin nan ba, tun wayar caji tana hannuna. Ga 'yan'uwana matasa da aka ba amanar wani aiki a ƙarƙashin manya: ku gaishe su, ku rusuna, ku ɗauke musu kaya. Amma in ka san abu zai iya ƙone mutum, kada kunya ta sa ka rage murya. Ka faɗa da ƙarfi, in an ƙi ji, ka ajiye wayar a ƙasa, wanda ya matsa ya jona da hannunsa.