Ranar da na sauke Inna don ta yi mini dariya

Shekarun baya, lokacin da tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, likita ya ce ko dai in motsa jiki ko hawan jini ya kwantar da ni. Na je na sayo keken hawa, ja, mai ƙararrawa. Matata ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, Allah dai ya dawo mana da kai lafiya."

Daga unguwar Federal Low-Cost inda muke zaune akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke bin bakin kwari ta nufi wajen Arawa. A wani wuri faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, dama shingen gona, hagu gangara. Ita na zaɓa, saboda babu mota, babu kuma abokan aikin da za su gan ni ina haki.

A rana ta uku, da safe, bayan an kwana ana ruwa, na cim ma wata dattijuwar Bafulatana daidai wurin nan mai matsi. Tana ɗauke da ƙatuwar ƙwaryar nono rufe da faifai, tana takawa a hankali. Na kaɗa ƙararrawa. Ko gezau. Na sake kaɗawa, na ce, "Inna, hanya!"

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Hanyar ke nan, ɗana, ba ni da wata."

Raina ya ɓaci. Ni a lokacin, a ganina mai sauri ake ba hanya, haka muka saba a titi. Sai na ce bari in raɓa ta hagu in wuce. Kan keken ya gogi gwiwar hannunta, ƙwaryar ta karkata, na ga farin nono ya leƙo ta bakin faifai. Abin da ta tatso tun asuba ke nan, ta taho da shi a ƙafa daga ruga, shi ne cinikinta na ranar gaba ɗaya. Na fizge keken don kada in ƙarasa kifar da ƙwaryar, ni da shi muka gangara kwarin, ƙararrawa na ta kuka har muka isa cikin taɓo.

Da na ɗago kai, tana tsaye ƙyam a sama, hannu biyu a kan ƙwarya, wuyanta a miƙe.

"Ɗana, ka karye?"

"A'a, Inna."

"Jini fa?"

"Babu."

"To hawo maza ka sauke ni. Dariya ke cina, in na yi ta da kayan nan a kaina nonona zai zube."

Haka na hawo da rarrafe, takalmi ƙafa ɗaya. Ta sa na goge hannuna a ciyawa tukuna, sannan muka kama ƙwaryar muka dire ta a hankali. Abin da ya zube bai cika ludayi ba. Tana ganin ƙwarya ta zauna daram, ta zube a gefenta ta saki dariya, har da hawaye, tana nuna ni da yatsa. Tun ina jin kunya har ni ma na biye mata. Rabona da irin wannan dariyar na manta.

Da ta lafa ta ce, "Kai baƙon hanyar nan ne. Mai kaya a ka ba ya waiwaye, ba ya kaucewa. Wanda hannunsa yake wofi shi ke tsayawa ta gefen kwari, ya ce sannu da kaya. Shanuna ma sun san wannan."

Ta ɗebo mini nono a ƙoƙo na shanye, na ɗora mata kayanta, na bi bayanta ina tura keke har inda hanya ta buɗe. A ranar na kwance ƙararrawar. Bai hana ta kirana mai ƙararrawa ba duk sanda muka haɗu, ni kuwa tun daga nesa nake dirowa.

Na daɗe ina mamakin yadda na kai waɗannan shekaru, da takardun makaranta cike da akwati, ban taɓa lura cewa mai kaya ba ya iya juya wuya ba. Idona kullum yana kan inda zan je.

Bara, gab da babbar salla, na ɗauko buhun dusar rago a kaina na biyo wannan hanyar. Wani saurayi ya taho a guje a kan keke. Yana hango ni ya ja birki, ya diro ta gefen kwari, ya ce, "Sannu da kaya, Baba."

Daɗi ya kama ni har cikin raina. Na tuna Inna, na tuna taɓo, dariya ta taso mini. Amma buhu na kaina, wuya ba ya motsi. Haka na danne ta har gida, ina shiga na ƙwala wa matata kira: "Zo maza ki sauke ni!"